Kwana Tara Ga Rijiya

Litinin, 11 ga Maris, 1985. Bayan La'asar.

Da sunan Allah Mai rahama, wanda yake saukar da ruwa in ya so, yake riƙe shi in ya so, babu mai tambayarsa dalili. Aminci ya tabbata gare ka, ya kai wanga littafi mai farar fuska. Ina yi maka sallama irin ta baƙon da ya iso ƙofar gida da rana tsaka, ya san ba a aika masa ba, ya kuma san ba shi da wani wurin zuwa. An yi ka ne domin kiran sunan 'yan aji ɗaya, to aji ɗaya ya watse tun da kaka ta zo babu dami, ka zauna cikin kabad wata huɗu ba wanda ya buɗe ka. Ka gafarce ni da za ni ɗora maka kayan da ba naka ba.

Baƙo ya zo, littafi, yi haƙurin baƙunta,
Zuciya in ta cika, alƙalami ka rage ta.

Ni ne Amiru Usmanu, hedimastan firamaren Tungar Maliki, gabas kaɗan da Burkusuma. Shekara ashirin da ɗaya ina riƙe da alli. Yara saba'in da uku na rubuta a farkon shekara, yau sha tara sunka zo. Sauran suna daji wajen tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa a ci in yunwa ta yi, ko sun bi iyayensu kudu cin ranin da ba a sa masa ranar komowa ba. Malamai mu biyu munka rage, ni da Malam Wada.

Amma ba kuka ya sa na buɗe ka ba, murna ce, ita kuwa murna a shekara irin wagga kunya gare ta, ba ta son taro. Takarda ta zo daga ofishin ilimi na Isa: kowane hedimasta ya aiko da sunan yaro guda wanda Allah ya yi wa baiwa ta daban, a gwada su ranar Asabar. Waɗanda sunka yi fice za a kai su makarantar kwana a Sakkwato, ci da sha da sutura da littattafai duk na gwamnati. Malam Wada ya ce tunda da abinci a ciki, in rubuta sunansa, ya yi alkawarin aske gemu.

Sunan Illo na rubuta. Ɗan Labbo ne, na rugar da ke arewa da gari, yana aji shida, shekararsa sha biyu. A benci na ƙarshe yake zama, rubutunsa kamar kaji sun yi tono, sau da yawa kuma gyangyaɗi yake, domin sai ya shayar da shanu yake zuwa. Shekara shida ina kallonsa ban gan shi ba. Ranar Alhamis da ta wuce na kama shi yana rubutu a bayan littafin lissafi ina cikin koyarwa. Na ƙwace da nufin horo, sai na iske lambobi jere, shafi huɗu. Ya ce tun watan Janairu kullum da asuba, kafin kowa ya jefa guga, yakan ɗaura dutse a igiya ya saka rijiyar gari, ya auna inda ta jiƙe da taƙi da yatsa. Da fari ruwan yatsa biyu yake raguwa kowace rana. Da garkunan arewa sunka sauko sai ya koma uku, sa'an nan huɗu. Yaron bai tsaya ga rabawa ba, har ƙaruwar raguwar ya sa cikin lissafi, abin da ban koya masa ba, abin da ni kaina sai a kwalejin horon malamai na gamu da shi. A ƙasan shafi ya rubuta: Juma'a, 29 ga Maris. Na ce mece ce wagga rana? Ya ce ranar da guga za shi taɓa laka.

Kwana biyu muna bin lissafin nan ni da Wada. Ba mu sami kure ba.

Laraba, 13 ga Maris. Da hantsi.

Na dawo daga ruga. Takardar tana son yatsan mai riƙon yaro.

Shanun Labbo sittin ne bara waccan, yau goma sha ɗaya, kowace ana iya rataya taguwa a ƙugunta. Na zauna na yi masa bayani mai tsawo, ya saurara yana kallon gindin sandarsa. Illo ɗan farinsa ne, saboda haka ba ya kama sunansa, ba ya kuma yarda a ga ya damu da sha'aninsa. Da na gama sai ya ce wagga magana ta Adda ce, ya tashi ya nufi maraƙi.

Adda ita ce uwar Labbo, ita ta riƙi yaron tun yaye. Tsohuwa ce 'yar siririya, idonta bai tsufa ba. Abu uku ta tambaye ni: ko ana ci safe da dare, ko ana duka, ko za shi mance Fulatanci. Na amsa biyu da gaskiya, na uku na ce Allah ne masani. Ta yi dariya ta ce amsar nan ta ƙarshe ita ta sa ta yarda da biyun farko. Ta dangwala yatsa. Da za ni tashi ta riƙe bakin rigata.

"Modibbo, ka tahi da shi, amma ka ruhwa mishi asiri. Abin da ka gani ga yaron ga, mun gan shi tun shina goye, munka yi shiru. Nonon da ba a ruhe ba, ƙuda ka hwaɗa mishi."

Na ce mata in sha Allahu.

Asabar, 16 ga Maris. Bayan Magariba.

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Yau na ga abin da na yi shekara ashirin da ɗaya ina jira.

Na ari babur ɗin Wada, munka kama hanyar Isa tun da sassafe. Gonaki dama da hagu fayau kamar tafin hannu, ko kara babu, an tsince an ba dabbobi. Illo bai taɓa zuwa Isa ba. Ba kantuna sunka ɗauke masa hankali ba, tankin ruwa ne. Ya tsaya ƙarƙashinsa ya tambaye ni tulu nawa yake ci, kafin in buɗe baki ya zagaya shi da taku ya ba kansa amsa.

Yara arba'in da ɗaya anka tara, yawancinsu da takalmi. An yi jarrabawar rubutu awa biyu. Bayan nan jami'in da ya zo daga Sakkwato, wani dattijo mai tabarau, ya riƙa kiran su ɗai-ɗai, kowa minti biyar. Illo ya shiga, ya yi kusan awa. Ina zaune gindin dalbejiya ina jan carbi, ina cewa ko ya yi laifi ne. Sai masinja ya leƙo ya ce yaro ya ce littafinsa na rijiya yana aljihuna, a miƙo. Da sunka fito dattijon ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaye ni a wane rami na ɓoye wanga yaro shekara shida. Ya ce sakamako sai ta takarda, shi ba ya alkawari, amma in kula da shi kamar ƙwai.

A hanyar komowa barci ya kwashe shi a bayana. Na tsaya na warware rawanina na ɗaure shi a jikina kamar goyo, munka shigo gari haka, ni da kai ba rawani. Saude, uwargidana, ta ce ashe hedimasta ya haihu ba a gaya mata ba.

Talata, 19 ga Maris. Bayan Azahar.

Gobe za a raba hatsin agaji a filin makaranta. Gari da ruga duk za su hallara, har Maigari. Yaushe rabon da in ga iyayen yarana wuri guda? Na ƙudura za ni nuna musu abin da makaranta take haifarwa, ko sa maido mini da 'ya'yansu. Kwana uku ke nan baitoci suna zubo mini kamar ruwan Agusta na shekarun da, har na kai talatin da uku, duk a kan Illo.

Na karanta wa Saude tana jiƙa anza. Ta saurara har ƙarshe, ta ce waƙa ta yi daɗi, in ninke in sa ƙarƙashin matashi. Na ce mata yabon gwani ya zama dole. Ta ce gwanin da ke da gata ba, kuma mai jin yunwa ba da kunnen mai ƙoshi yake ji ba. Mata ba su san darajar ƙafiya ba.

Laraba, 20 ga Maris. La'asar.

An raba, tiya biyu kowane gida. Na karanta waƙar. Inda na zaci za a yi kabbara, shiru anka yi. Labbo ya tashi bai karɓi rabonsa ba.

Alhamis, 21 ga Maris. Bayan La'asar.

Cikin baiti talatin da uku, akwai na ladabinsa, akwai na haƙurin kakarsa, akwai na falalar ilimi guda goma sha biyu waɗanda na fi wahala a kansu. Guda ɗaya tak gari ya riƙe. Yau na ji yara suna rera shi a hanyar rijiya suna tafi:

Ya ɗaura dutse, ya auna ruwa da igiya,
Ya ce kwana tara sunka saura ga rijiya.

Wada ya ce da safe, da Illo ya iso da guga, mata sun janye tulunansu gefe guda. Wata ta tofa a ƙirjinta. Na ce masa abin mata ne, kwana biyu za su mance. Ya ci gaba da goge allo wanda ya riga ya goge.

Asabar, 23 ga Maris. Da hantsi.

Saura shida. Ban fita ba.

Litinin, 25 ga Maris. Bayan tashi daga makaranta.

Sha bakwai sunka zo. Bencin ƙarshe Illo kaɗai, biyun da ke zama da shi sun koma gaba, wai iyayensu sunka ce.

Da anka tashi ya tsaya bakin ƙofa har kowa ya watse. Ya ce an hana shi saka igiya tun ranar Juma'a. Jiya kuma Adda ta tsaya tun asuba har rana ta take, ba wanda ya ba ta layi. Ana cewa rijiya lafiyarta lau sai da ɗan ruga ya yi mata baki. Yana magana yana kallon ƙasa, kamar yana ba da labarin wani.

"Malam, in na tahi gun Maigari na ce na yi kure, za su bar Adda ta ɗebi ruwa?"

Na tambaye shi ko ya yi kuren. Ya ce ko da an hana shi awo, yana tsayawa nesa yana duba inda igiyar mutane take jiƙewa. Har yanzu Juma'a ce.

Na yi masa wa'azi a kan gaskiya. Na kawo aya, na kawo karin magana, har baiti na kawo, Allah ya yafe mini. Ya saurara da ladabi. Da na gama ya ce to in taya shi roƙon Allah ya sa lissafin ya ɓaci. Shekara ashirin da ɗaya yara suna roƙona addu'ar su ci. Yau wanda ya fi su duka ya roƙe ni addu'ar ya faɗi.

Na yi masa. Da zuciya ɗaya na yi.

Laraba, 27 ga Maris. Bayan Azahar.

Wada ya kawo shawara mai kyau: tunda an san ranar, a yashe rijiya a ƙara mata zurfi kafin ta zo. Ai amfanin sanin ke nan. Munka je gun Maigari tare. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce maginan rijiya sun tafi cin rani, kuma ko suna nan, in ya sa a fara haƙa ya gaskata bakin yaro ke nan, jama'a ba za su yafe masa ba. Ya ce a bar wa Allah. Da za mu fita ya ce, cikin raha, nan gaba in za ni yi waƙa in yi ta ruwan sama.

Saura biyu.

Alhamis, 28 ga Maris. Magariba.

Ya Allah, ko yatsa guda.

Juma'a, 29 ga Maris. Kafin a tafi masallaci.

Da hantsi guga ya fito da laka. Lissafi daidai, ko kwana bai kauce ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, 30 ga Maris. Da hantsi.

Abin da ya faru bakin rijiya jiya da La'asar ba za ni rubuta shi ba. Mutanen da ke ciki na koyar da 'ya'yansu, waɗansu su kansu na koyar da su, kuma ƙishirwa ba ta bar wa kowa hankalinsa ba. Wada ya ce sanda uku ya gani sun sauka a kan Labbo. Ni ban ƙirga ba. Saude ta wanke mini riga da ruwan da ya kamata mu sha, jinin da ke jikinta ba nawa ba ne. Labbo ya koma ruga da ƙafarsa. Yaron ba a taɓa shi ba, domin uban ya tsaya a gabansa.

Maigari ya yi shela: ɗan abin da ke tsattsafowa a gindin rijiya na gari ne, mutanen ruga kada su kusance ta, domin zaman lafiya.

Litinin, 1 ga Afrilu. Bayan La'asar.

Bencin ƙarshe ba kowa.

Na ɗauki allon aji uku a kai na kai ƙofar masallaci. Da anka sallame Azahar na roƙi jama'a su tsaya. Na zana rijiya, na zana igiya, na nuna musu da alli cewa wanda ya ga hatsi yana raguwa a rumbu ya ce ranar kaza za shi ƙare, ba shi ya cinye ba. Na yi magana har muryata ta dushe. Liman ya goyi bayana, ya ce babu mai ƙafar da ruwa sai Wanda ya halicce shi. Kowa ya ce haka ne. Sai tsoho Ibrahima, wanda ya fi kowa shekaru a garin nan, ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Hedimasta, rijiyag ga kakana ya sha ta. Ta ga yunwa ukku ba ta ƙahe ba, sai da anka yanka mata rana. Kuma ba mu munka ce yaro ya hwaɗi ba. Kai ka gaya muna, da waƙa."

Sunka watse suna ba ni haƙuri. Wani ya ce kada in damu, ni ba wanda ya ga laifina, ni nasu ne. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

A gida na fara ba Saude labarin jahilcin mutane. Ta bar ni na kai aya, sa'an nan ta ce, ba tare da ta ɗago daga turmi ba: yaro ya rubuta abinsa a bayan littafi ya rufe, wata uku ba wanda ya ji. Wa ya kai shi kasuwa?

Laraba, 3 ga Afrilu. Bayan Azahar.

Sai yau na iya zuwa ruga.

Gulbi suke zuwa yanzu, tafiyar awa uku, su tona yashi su jira. Shanu biyu sun faɗi a hanya ba su tashi ba. Adda ta shimfiɗa mini tabarma, ta gaishe ni, ta tambayi Saude. Ba ta tuna mini da komai ba. Na zauna ina jira ta tuna mini, ta ƙi.

Labbo ya fito da kansa ɗaure da tsumma. Na ba shi haƙuri da kalmomin da na shirya a hanya, duk sunka fito kamar na aro. Sa'an nan na faɗi abin da ya kawo ni: na ji za su tashi, to su bar mini yaron a gidana har takarda ta zo daga Isa. Ɗakin zaure yana nan, Saude ta yarda, abin da munka ci shi za shi ci. Na juya wajen Adda, tunda maganarta ce. Amma Labbo ne ya amsa.

"Modibbo, in na bar shi gidanka, ruwan wane gari za shi sha? Wa za shi zauna benci guda da shi? Ran da wata akuya ta mutu, ƙofar wa za a zo da sanda?" Sa'an nan ya ce, "Illo ɗana ne. Ba ni barin shi."

Adda ta sunkuyar da kai. Shekara sha biyu mutumin nan bai kama sunan ba, yau na sa ya kama.

Na tambayi inda za su nufa, domin in san inda za ni aika takarda. Ya ce inda ciyawa take. Yaron bai fito ba. Na hangi ƙafafunsa ta ƙarƙashin zanan bukka, tsaye, har na tashi.

Juma'a, 5 ga Afrilu. Da hantsi.

Sun tashi jiya kafin rana ta fito. Turaku, toka, da sawu ya yi kudu.

Litinin, 8 ga Afrilu. Bayan tashi.

Sha huɗu. Ina kiran suna baki ya riga ni, na kira na Illo. 

Laraba, 10 ga Afrilu. La'asar.

Hadari ya taso gabas, iska ta watsa shi. Maigari ya aika Sabon Birni a nemo maginan rijiya. Yanzu.

Juma'a, 12 ga Afrilu. Bayan Asuba.

Na ƙone takardar waƙar a murhun Saude. Ta ɗora tukunya a kai. Da rana na ji 'yan mata suna rera baitin nan suna wasan gaɗa. Takarda kaɗai wuta take ci.

Litinin, 15 ga Afrilu. Bayan Azahar.

Takarda ta zo da hatimi. Cikin arba'in da ɗaya shi ne na ɗaya, tsakaninsa da na biyu maki ashirin da bakwai. Gurbi guda anka ba yankinmu. Ya bayyana a Sakkwato ranar Litinin, 6 ga Mayu, tare da mai riƙonsa. In bai zo ba a ba na biyu.

Wada ya karanta sau biyu, ya ajiye, ya fita bai yi ba'a ba. Ni kuwa na zauna da ita a hannu cikin ajin da ba kowa. Da wagga takarda ta zo a wata shekara, da na yi mata baiti ɗari.

Talata, 16 ga Afrilu. Magariba.

Na je Isa roƙon a ƙara kwanaki. Sun ce ba a hannunsu take ba, Sakkwato ta yanke. Magatakarda ya nuna mini sunan na biyu, wani yaro daga Gangara, maraya. Shi ma ɗan wani ne, shi ma da hedimastan da ke jan carbi dominsa. Na fito ban san abin da za ni roƙi Allah ba, sai na ce Ya zaɓa.

Saura kwana ashirin.

Alhamis, 18 ga Afrilu. Bayan Magariba.

Kasuwar Shinkafi. Na bi kara, inda ake cinikin shanu, tun safe, dillali bayan dillali, ina tambayar Bafillace mai ɗaurarren kai da shanu tara. Sunka ce shekarar nan kowane Bafillace haka yake. Can da La'asar wani ya tuna: Alhamis waccan wani ya sayar da karsana biyu, da tsohuwa a kan jaki, da yaro wanda ya gyara wa mai awon dawa lissafi sa'an nan uban ya ja shi da sauri. Sun bi burtalin Ƙaura.

A nan na ji cewa Halliru, wanda munka yi firamare tare a Isa, shi ne malamin dabbobi a wajen Ƙaura yanzu, kuma duk garken da zai wuce kudu sai ya tsaya gunsa allura. Direban motar hatsi za shi can gobe. Ya yarda ya kai takarda.

Juma'a, 19 ga Afrilu. Bayan Asuba.

Ga abin da na rubuta, na kwafe shi nan.

Zuwa ga ɗan'uwa, abokin ƙuruciya, Malam Halliru. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan Allah ya jiƙe mu da damina mai albarka. Ka yafe mini da na yi shekara tara ban neme ka ba, sai yau da buƙata ta kore ni zuwa ƙofarka, a lokacin da na san aiki ya sha maka kai.

Akwai wani Labbo daga rugar Tungar Maliki, da uwarsa Adda, da shanu bakwai in ba su ragu ba, da rauni a goshinsa na hagu. Sun bi burtalinku cikin makon jiya, ko suna gab da bi. Tare da su akwai yaro, Illo, siriri, shekara sha biyu. Gwamnati ta ba shi gurbi a makarantar kwana a Sakkwato, ci da sha da komai, kuma in bai bayyana ranar 6 ga Mayu ba gurbin ya wuce shi. Ga kwafin takardar na haɗo. In sun riga sun wuce, ka aika wa abokan aikinka na gaba, kowa ya aika wa na gabansa.

In Allah ya haɗa ku, ga roƙona. Kada ka yi maganar a gaban mutane. Ka kira tsohuwar gefe, ka karanta mata a hankali, da Fulatanci in kana iyawa. Kada ka yabi yaron ko da kalma guda. Ka gaya mata Sakkwato nesa take da garinmu, can ba wanda ya san shi, ba wanda ya ji komai. Ka ce ni za ni zo in ɗauke su duk inda suke. In kuwa ganina ne ba su so, wanda hakkinsu ne, Malam Wada za shi zo, ni in zauna gida, kuma ba za a ƙara jin sunan yaron a bakina ba. In sun tambaye ka ko na san abin da na yi, ka ce na sani.

Ka san ni tun muna yara ban taɓa rufe wasiƙa ba baiti ba. Wagga ka karɓe ta haka.

Direban da ya kawo maka ita za shi juyo ranar Litinin. Don girman Allah kada ya juyo hannu wofi. Ka rubuto mini, ko layi ɗaya ne, ko da cewa za ka yi ba ka gan su ba, domin in san inda za ni nufa gaba. Kwana sha bakwai sunka rage.

Naka, Amiru Usmanu.